Ƙaramar mota mai shan gas: shekara biyar ina jigilar iyali da ita a Ingila

Ranar da na gaya wa ƙanena ta waya cewa motar da na saya gas, wato dizal, take sha, sai ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, gas fa ka ce? Irin na tirela?" Ban ga laifinsa ba. A wurinmu dizal na manyan motoci ne da janareta, kuma akwai dalili: an daɗe da sakin farashinsa ga kasuwa alhali fetur yana cin tallafin gwamnati har zuwa watan Mayun 2023. Wa zai sayi ƙaramar mota mai shan mai tsada ya bar mai arha? Ga shi yawancin makanikanmu a kan injin fetur suka koyi aiki.

A nan Ingila labarin daban ne. A 2001 aka ɗaura harajin mota a kan yawan iskar kabon da take fitarwa, injin dizal kuwa ba ya fitar da ita kamar na fetur, sai jama'a suka yi ca a kansa. An kai lokacin da kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa na dizal ne, har da ƙananan nan masu ƙofa biyar irin su Golf da Focus da Astra, waɗanda but ɗinsu ke haɗe da cikin mota. Irinsu na saya, ƙirar 2016, ta hannu, a lokacin ina zaune a Birmingham ina zuwa aiki kusan mil 45 ta kan titin M6.

Shekara ukun farko ba ni da abin cewa sai hamdala. Ina cika tanki ranar Lahadi, ya kai ni har Juma'a da saura. Lita biyar take sha a kilomita ɗari, wani lokacin ma ba ta kai ba. Injin ba ya buƙatar a matsa masa: kana giya ta shida, ka ɗan taɓa totur, ta wuce babbar mota ba tare da kuka ba. Da sanyin asuba sai na jira wata 'yar fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin in tayar, injin ya yi ta ƙaf-ƙaf-ƙaf na ɗan lokaci, hita kuma ba ta kawo ɗumi sai mun yi nisa, yara suna baya sun cusa hannu cikin aljihu. Wannan ne kawai ƙorafinsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikinta. Mu mun taso muna auna motar iyali da tsayinta da faɗinta, mai gida ba ya jin ya isa sai da doguwar mota ko jif. Amma wannan 'yar ƙaramar, idan ka ɗaga ƙofar baya ka kwantar da kujera ɗaya, keken jariri ya shiga, akwatuna biyu su shiga, sayayyar mako ta bi lunguna. Na taɓa ɗauko ƙaramin firji da ita. Kuma a unguwar da gidaje ke jere ba gareji, kowa a bakin titi yake ajiye mota, gurbin da mai jif zai wuce yana cizon yatsa ni nan nake shigewa. Iyakarta dai mutum biyar, kuma kujerun yara uku ba sa jeruwa a baya, duk yadda ka yi.

Sai na canza aiki, na dawo cikin gari. Tafiyar ta koma kai yara makaranta, zuwa kanti, komawa gida, duk ba a wuce mil uku. Wata huɗu da fara haka, wata fitila ruwan lemo ta kama a gabana, motar ta daina ja, ko na taka sai ta yi kamar an riƙe ta. Makaniken da na kai wa bai ko buɗe bonet ba ya tambaye ni yaushe rabona da hawa babban titi. Ya bayyana mini cewa tun wajen 2009 motocin dizal a Turai suna zuwa da matata a cikin salansa mai kama baƙin toka na hayaƙi. Matatar tana ƙone tokar da kanta, amma sai salansa ta yi zafin da ya kai wajen digiri 600, wanda ba ya samuwa sai an yi minti 15 zuwa 20 ana gudu ba tsayawa. Ni kuwa kullum kafin injin ya gama ɗumi na kashe shi. Allah ya taimake ni wankewa aka yi, ba a kai ga sauyawa ba.

Da na ba wani abokina labari sai ya ce, "Malam, a cire ta mana a huta." Haka za a yi a gida, kuma ba wanda zai tambaya. A nan kuwa duk motar da ta wuce shekara uku sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, kuma tun 2018 idan aka ga alamar an taɓa matatar, motar ta faɗi. Da farko na ɗauki abin a matsayin takura. Yanzu ba na ganin haka. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa manhajar da ke ruɗin na'urar gwajin hayaƙi, daga nan mutane suka fara fahimtar irin gubar da dizal ke zubawa a cikin gari. A 2020 kuma binciken kotu ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma a kudancin Landan. Duk safiya ina tsayawa a ƙofar makaranta, kuma na lura salansar mota daidai fuskar ɗan shekara biyar take.

Abin da ke damuna shi ne 'yan uwanmu sababbin zuwa. Mutum ya ga mota fes, ƙirar 2012, da arhar da ba ta misaltuwa, ya biya nan take. Bai san arhar tana da dalili ba. A Birmingham tun Yunin 2021 motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba, wato galibin waɗanda aka yi wa rajista kafin Satumban 2015, tana biyan fam 8 duk ranar da ta shiga tsakiyar gari. A Landan fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 dokar ta mamaye birnin gaba ɗaya. Na san wanda kyamara ta yi ta ɗaukar lambarsa har mako biyu, bai farga ba sai da takardun tara suka fara shigowa ta ƙofa. Ya sayar da motar da asara.

Ni dai har yanzu tana hannuna, kuma ina sonta. Amma da yau zan saya, da wannan zirga-zirgar tawa ta cikin gari, mai fetur zan ɗauka. Wanda ke cin mil 60 ko 80 a rana kuwa, ban ga abin da zai riƙe masa aljihu kamarta ba. Yanzu duk Asabar nakan kwashi yara mu hau babban titin M42 mu yi rabin awa muna tafiya kafin mu juyo, su suna kallon gonaki da tumaki ta taga, ni ina duban ko fitilar nan za ta sake kamawa. Shekara biyu ke nan ba ta kama ba.