Waƙar makokin uwa ce, ba ta ango da amarya ba

Sau uku a 'yan kwanakin nan ina cin karo da bidiyon biki a waya, ango da amarya sun sha ado ana yi musu liƙi, a ƙasa kuma an ɗora waƙar nan ta Sifaniyanci, Amor Eterno. Wanda ya haɗa na ƙarshen har da rubuta fassarar sunan: soyayya ta har abada. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan waƙa ta makoki ce.

Juan Gabriel, mawaƙin ƙasar Meziko da ya rasu a 2016, ya tsara ta ne bayan rasuwar mahaifiyarsa, Victoria Valadez, a 1974. Ba a gabanta ya tashi ba. Talauci ya sa ta kai shi gidan rainon yara a birnin Ciudad Juárez na Meziko tun yana ƙarami, ita kuma tana aikatau a gidajen mutane. Wato ɗan da bai ƙoshi da uwarsa ba ne yake kuka. Rocío Dúrcal, mawaƙiyar ƙasar Sifaniya, ta fitar da waƙar a 1984, shi ma ya rera ta da bakinsa a fadar Bellas Artes, babban zauren wasanni na birnin Meziko, a 1990.

Ko ba ka san wannan tarihi ba, baitocin sun isa shaida. Mai waƙar yana duba madubi ya ga yadda baƙin ciki ya canja masa fuska. Yana burin a ce idanunta ba su rufe ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda yake cewa zuciyarsa ba ta zarginsa da laifi, amma ya san da zai iya yi mata fiye da abin da ya yi. Duk wanda ya taɓa zaman makokin mahaifiya ya san wannan ƙulli, wanda ke tasowa bayan masu gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi. Wane saurayi ne zai faɗa wa amaryarsa haka ranar ɗaurin aure?

Masu cewa waƙa ta mai sauraro ce, kowa ya ba ta ma'anar da ya ga dama, lalaci kawai suke yi wa ado. Mutanen da waƙar ta fito daga cikinsu sun san inda suke ajiye ta. A jana'iza ake jin ta, da Ranar Uwa. A watan Agustan 2019, bayan ɗan bindiga ya buɗe wa jama'a wuta a kantin Walmart na El Paso, birnin Amurka da ke kan iyaka da Meziko, harin da ya ci rayuka 23, ita masu jimami suka riƙa rerawa a wuraren tunawa da mamatan.

Tushen matsalar a wurinmu yake. Mun cika kunnuwanmu da waƙoƙin saurayi da budurwa har kalmar soyayya ta tsuke, ba ta ɗaukar kowa sai masoya biyu. Manhajar fassara ta ga amor ta ba mu soyayya, mu kuma muka karɓa ido rufe. Alhali muna da ƙauna, muna da bege, muna da kewa, kalmomin da suka fi dacewa da abin da mutumin nan yake ji. Abin kunya ne harshe mai irin wannan yalwa ya bar inji yana zaɓar masa kalma.

Masu haɗa bidiyon biki kuɗi suke karɓa. Su karanta baitocin tun daga farko har ƙarshe, ko su tambayi wanda ya ji Sifaniyanci, kafin su ɗora wa amarya kukan maraya a ranar farin cikinta.