Cacar Ƙwallo Ta Shigo Majami'a Ta Aljihun Wando

'Yan'uwa cikin Kristi, musamman iyaye, matan aure da shugabannin matasa, akwai maganar da muka daɗe muna kewaye-kewaye a kanta. In an tashi wa'azi a kan jaraba, giya da fasikanci ake ambata, a nan kuma ake tsayawa. Amma abin da ke cinye albashin samarinmu a Jos, Kafanchan, Billiri, Numan da Mubi ba ya wari, ba ya sa mutum tangaɗi. Ku leƙa bencin baya ranar Lahadi. Ga saurayi tsaf-tsaf, littafin waƙoƙi a buɗe a cinyarsa, waya a ƙarƙashin littafin, babban yatsa yana ta sama da ƙasa. Ana karanta Nassi, shi yana haɗa tikitin wasannin yamma. Wataƙila ma shi zai zagaya da farantin baiko in an jima.

Na san abin da za a fara cewa: a nuna mana ayar da ta hana caca. Babu aya mai wannan kalmar, kuma bai kamata mu ƙirƙiro ta ba. Wasu har suna kafa hujja da ƙuri'ar da manzanni suka jefa a kan Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26, alhali a can ba wanda ya zuba kuɗi, ba wanda ya koma gida da aljihu wayam. Tambayar da ta dace ita ce: kuɗin da ka ci, daga ina ya fito? Kamfanin caca ba ya noma, ba ya ƙira, ba ya saƙa. Naira dubu hamsin ɗin da ta faɗo asusunka kuɗin makarantar ɗan wani ne, cefanen matar wani ne, jarin ɗan acaɓan unguwarku ne. Mai caca yana roƙon Allah maƙwabcinsa ya yi asara don shi ya samu, ko da bai taɓa faɗin haka da baki ba. A ɗora wannan a kan 1 Timoti 6:9-10 da Karin Magana 13:11, inda aka kwatanta dukiyar da ta zo a gaggauce da wadda aka tara kaɗan-kaɗan, sannan kowa ya tambayi lamirinsa.

Yanzu ga lissafin, domin yawancin masu yi ba su taɓa zama sun yi shi ba. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Da adalci za a yi, wanda ya sa naira 100 ya ci, 200 zai karɓa. Amma abin da ake bayarwa kamar 1.90 ne a kowane ɓangare, wato naira 190 a kan 100. Ma'ana, a kowace naira da jama'a suka zuba, kwabo 95 ne ke komawa gare su, biyar ta kamfani ce, ko wa ya ci wasan. Kwabo biyar ba ta da zafi, shi ya sa ba wanda ke kuka da ita. Zafin yana cikin dogon tikiti, wato mai wasanni da yawa da sai dukkansu sun shiga za ka ci. Duk wasan da ka ƙara, ana sake yankar wannan biyar ɗin. Wasanni goma, nairarka ta koma kamar kwabo 60. Wasanni ashirin, kamar kwabo 36. Ɗan ƙarin da ake yi wa masu dogon tikiti yana rage giɓin ne kawai, kuma dalilin ba da shi ke nan: a nan ribar take.

Mu ɗauki tikitin da samari suka fi so, wasanni goma "masu tabbas", kowanne a kan 1.50. Ka sa dubu ɗaya, allo ya nuna maka kusan dubu 57 da ɗari shida. Da wancan yankan na kwabo biyar, damar dukkan goman su shiga kusan ɗaya ce cikin 96. Wato a matsakaicin lissafi za ka kashe dubu 96 kafin ka karɓi dubu 57. Ga kuma wurin da ya fi muni: damar tara su shiga, ɗaya tak ya ɓata, ta kusa ninka damar ci sau shida. Saboda haka "wasa ɗaya ne ya yanke min" ba alamar ka kusa ba ce. Haka lissafin yake fitowa ga kowa, kuma wannan "saura ƙiris" ɗin shi ne ƙugiyar da ke dawo da mutum gobe. Wasannin kwamfuta kuwa, waɗanda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake sabo, babu ma batun sanin ƙwallo a cikinsu. Abin da da sai an jira Asabar, yanzu ana iya ƙone shi kafin shayi ya huce.

Naira 500 a rana ba ta kama da komai. A shekara 182,500 ce. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, to ku auna: aikin fiye da wata biyu da rabi.

Masu sayar da "tabbataccen sakamako" a Telegram da WhatsApp kuwa, dabararsu tsohuwa ce. Mutum ya tara lambobi 64, ya ce wa rabi wannan ƙungiya za ta ci, ya ce wa rabi ba za ta ci ba. Waɗanda abin ya faɗa musu daidai su 32, ya sake raba su biyu. Bayan zagaye huɗu akwai mutum huɗu da suka ga ya faɗi gaskiya sau huɗu a jere. Su ne za su biya shi, su kuma kawo abokansu.

To me ke aiki? A nan nake da ja da yadda muke yawan ba da shawara. Muna ce wa yaro ya yi addu'a, ya daure, ya ƙarfafa zuciya, mu bar shi da waya, da data, da katin banki, da ƙarfe tara na daren Talata lokacin gasar zakarun Turai. Addu'a wajibi ce, amma dubi abin da Ubangiji ya koya mana mu roƙa: kada a kai mu wurin jaraba. Yusufu bai zauna a ɗakin matar Fotifar yana gwada ƙarfin bangaskiyarsa ba, barin rigarsa ya yi ya fita a guje. Bulus ya ce wa Timoti ya gudu. Mafitar da 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawari ƙofa ce, ƙofa kuwa da ƙafa ake bin ta. Kuma ana bin ta ne ranar Litinin da safe da hankali a kwance, ba a minti na tamanin da takwas ba.

Abu na farko, kuma shi ne mafi wuya, a faɗa wa mutum ɗaya gaskiya da lambobi. Ba "ina ɗan taɓawa" ba. A buɗe tarihin asusun OPay, PalmPay, Moniepoint ko banki na wata uku, a ɗauki biro a haɗa abin da ya fita da abin da ya shigo. Kusan kowa yana tuna ranar da ya ci, ya manta ranaku talatin da aka cinye shi, sai takarda ta tuna masa. Wanda za a faɗa wa ya zama namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ya girme ka a bangaskiya, mai riƙe sirri, kuma ba wanda kuke zuwa gidan kallo tare ba. Mai aure kuwa, matarsa tana da haƙƙin sani, domin tukunyarta ce ake kwashewa.

A zaman nan ɗaya, a gabansa, a cire ragowar kuɗin da ke Bet9ja, SportyBet, BetKing ko duk inda aka yi rajista, a nemi rufe asusun ko dakatar da kai ta sashen da suka tanada don haka. Goge manhaja kaɗai aikin banza ne, cikin minti biyu ake sauke ta. A sa manhajar toshewa: BetBlocker kyauta ce, Gamban ta kuɗi ce. Mai iPhone ya yi amfani da Screen Time, saitin wayar na taƙaita shafuka da manhajoji, amma ɗan'uwan nan ne zai sa lambar sirri, ba kai ba. A fita daga duk zauren hasashen wasa, a toshe lambobin da ke turo saƙon garaɓasa, a goge manhajar duba sakamako ita ma, don tallan caca a jikinta yake.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a toshe waya a bar kuɗi. Shagon caca yana nan a bakin titi, wayar aboki tana nan. Saboda haka kuɗi za a datse. Ranar da albashi ya shigo, kafin rana ta faɗi, a fitar da zakka, kuɗin haya, kuɗin makaranta, a auno hatsi, abin da ya rage ya koma hannun mata ko wanda aka amince da shi. A rage iyakar abin da asusu zai iya turawa a rana zuwa kuɗin mota da abinci. Katin banki ya kwana a wani gida. Wani zai ce wannan ƙasƙanci ne ga magidanci. Yesu ya yi maganar cire ido da yanke hannu a Matiyu 5:29-30, katin roba bai kai ido ba.

Sai bashi. Mai caca ba ya tsayawa a aljihunsa, daga can sai manhajojin ba da rance na kwana bakwai ko sha huɗu, a ci a nan a biya can. Da yawa cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum, har da ta fasto da ta surukai, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta far musu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. A rubuta kowane bashi a takarda ɗaya: wa, nawa, yaushe. Kada a ci sabo don a biya tsoho. Iyaye da mata, ina roƙonku, kada ku danƙa masa kuɗin biya a hannu, ku biya mai bin bashin kai tsaye. Kada kuma ku share masa duka a dare ɗaya, domin wanda aka wanke wa allo ba tare da ya yi gumi ba, yakan sake rubutu kafin wata ya mutu. In ya taɓa kuɗin adashe, na shago ko na ƙungiya, tuba ba ta cika sai da mayarwa, kamar Zakka a Luka 19, ko da dubu biyar-biyar ne a wata, a rubuce.

Ƙaiƙayin zai zo, kuma yana da lokutansa: yammacin Asabar, daren Talata da Laraba, ranar albashi, bayan faɗa da mata, da kuma daren da barci ya ƙi zuwa. Yana tashi ne ya sauka kamar zazzaɓi. A ajiye waya, a fita waje, a kira ɗan'uwan nan kafin a yi, ba bayan an yi ba. A ra'ayina a haƙura da gidan kallo na wata uku aƙalla. Ƙwallo ba zunubi ba ce, amma wanda ya saba kallo da tikiti a hannu ba ya ganin wasa, lamba yake gani, tallar kuma tana kan allo da ƙirjin 'yan wasa. Ƙungiyoyin Firimiyar Ingila da kansu sun amince a 2023 za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu. Waɗannan awoyin kuma kada a bar su fanko, Matiyu 12:43-45 ya nuna abin da ke samun gidan da aka share aka bari ba kowa. Koyon waƙa, ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, gona, koyon sana'a, buga ƙwallon da ƙafa a fili, duk sun fi zama a ɗaki.

In ya zame ya sake yi, ya faɗa cikin awa ashirin da huɗu, a binciko ta inda kuɗin ya bi a toshe. Abin da ke hallaka mutane ba tikitin farko ba ne, na biyu ne, wanda ake yankewa don a fanshe na farko. Garin neman gira ake rasa ido. Mu kuma sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta kamuwa da caca cikin cututtuka. Wanda ya daina barci, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya a addu'a kawai. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, akwai na Maiduguri, akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).

Baba Fasto da dattawa, naku ya rage. Muddin hanya ɗaya da muka sani ita ce sanarwa a gaban jama'a da horo, ba saurayin da zai zo da ƙafarsa, sai dai a kama shi bayan kuɗin matasa ya yi ɓatan dabo. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi da tawali'u. A ware dattawa biyu da mata biyu daga Zumuntar Mata da kowa ya san ana iya zuwa wurinsu a asirce, a bar horon fili ga wanda ya taurare ko ya ci amanar jama'a. Mu kuma duba bakinmu a bagade. Wa'azin "shuka dubu ka girbi miliyan kafin Juma'a" da tikitin wasa goma zuciya ɗaya suke ginawa, yaron da ya tashi da na farko ba zai ga aibin na biyu ba. Wanda ya zo ba da shaida a kan kuɗin caca, a ja shi gefe cikin ƙauna, kada a miƙa masa makirufo.

Kuɗin ikilisiya kuma kada a bar shi a hannun mutum ɗaya, komai amincinsa. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korantiyawa 8:18-21 ta faɗi dalili. Mutum uku su ƙirga baiko, su sa hannu a littafi kafin su tashi, a kai banki ranar Litinin, cirewa sai da sa hannun mutum biyu. Kuɗin ƙungiyar matasa ko na mawaƙa kada ya zauna a asusun wayar ma'aji, inda tazarar da ke tsakaninsa da shafin caca dannawa uku ce. A buɗe musu asusu da sunan ƙungiya, a riƙa karanta rahoto a taro kowane wata, da takardar banki a hannu.