Ba tatsuniyar yara ba ce

A wata majalisa a Jidda, wani dattijo ya ga jikansa yana kallon Star Trek, shirin talabijin na tafiye-tafiye a sararin samaniya, ya ce: "Kai yaro, shirmen jiragen sama jannati ne wannan." Da yawa haka suke ɗauka, amma shirin cike yake da siyasa.

An fara shi a Amurka a 1966, lokacin da baƙar fata ke fafutukar neman 'yanci. A wani kashi na 1969, wata tara bayan kisan Martin Luther King, jagoran wannan fafutuka, an nuna mutum biyu daga wata duniya, kowanne rabin fuskarsa baƙi, rabi fari. Gabarsu kuwa? Ɗaya baƙinsa a dama yake, ɗayan a hagu. Kan wannan ƙiyayya mutanen duniyarsu suka hallaka juna kaf.