Wa zai yi binciken tsufa, kuma daga wane gida zai fito?

A shekarar 1904, wani matashin likita baƙar fata mai suna Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya ta ƙasar Laberiya wanda ya yi karatu a Amurka, ya tafi birnin Munik na Jamus ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen Alois Alzheimer, mutumin da cutar mantuwa ta tsofaffi ta ɗauki sunansa. Fuller ya dawo Amurka ya ci gaba da duba ƙwaƙwalwar mamata da madubin likita, ya kuma wallafa rubuce-rubucen da ke cikin na farko a kan cutar da harshen Ingilishi. Fiye da shekara ɗari bayan haka, Amurka tana nan tana fama da ƙarancin irinsa a wannan fanni, alhali tsofaffin baƙaƙen fata na ƙasar sun ninka fararen fata kusan sau biyu wajen kamuwa da cutar, 'yan asalin Latin Amurka kuwa kusan sau ɗaya da rabi.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan tsarin nan da Cibiyar Binciken Tsufa ta Ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1974, ta ɓullo da shi mai suna ADAR, wato shirin faɗaɗa wakilci a binciken tsufa. A ƙarƙashinsa cibiyar ta riƙa ba jami'o'i kuɗi domin su zaɓo ɗaliban digirin farko daga al'ummomin da ba su da yawa a fagen kimiyya, wato baƙaƙen fata, da 'yan Latin, da 'yan asalin ƙasar na farko, da masu naƙasa, da 'ya'yan talakawa, a haɗa kowane ɗalibi da malami mai bincike, a sa shi aiki a ɗakin gwaji ko cikin unguwanni, a koya masa yadda ake rubuta sakamako da gabatar da shi a taron masana. Na san akwai masu ganin wannan son kai ne da aka sa wa riga, kuma ba na raina hujjarsu. Sai dai ina ganin sun ɗauki maganar a matsayin rabon guraben karatu, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne ingancin ilimin da ake samarwa.

Ga misali na kusa. Daga cikin tambayoyin da likitoci suka saba yi wa tsoho don gane ko ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni, akwai cewa ya zana agogo ya sa hannayensa a kan wani lokaci, ko ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Da inuwar katanga da kiran salla take sanin lokaci, amma har ta rasu babu jikan da ya isa ya cuce ta ko sisi a lissafin kuɗin ƙuli-ƙulinta. Da an ba ta takarda an ce ta zana agogo, da ta faɗi warwas, a rubuta cewa gigin tsufa ya kama ta. Haka abin yake ga dattijon da ya tashi a ƙauyukan Misisifi zamanin wariyar launin fata, wanda makarantarsa ba ta wuce aji huɗu ko biyar ba. Ɗalibin da ya tashi a hannun irin wannan kaka ko kakan zai ga kuskuren gwajin tun kafin malaminsa ya gama bayani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

An ga amfanin haka a aikace. A farkon shekarun 1990, Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana da masanan Jami'ar Ibadan, cikinsu har da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis. Sun gano cewa cutar mantuwa ta fi ƙaranci sosai a Ibadan, kuma ƙwayar halittar gado ta APOE4, wadda ake ɗauka babbar alamar haɗari a wajen Turawa, ba ta nuna irin wannan ƙarfi a wajen Yarbawa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da ta fito daga wannan aiki domin waɗanda ba su yi boko ba: maimakon fensir da takarda, sai a jera tsinken ashana huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya kwaikwaya. Wanda bai taɓa zama da tsofaffin da ba sa rubutu ba, da wuya tunaninsa ya kai ga ashana.

Sannan akwai batun amana, wanda kuɗi ba sa saye. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta Amurka ta bi diddigin ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a yankin Taskigi na jihar Alabama ba tare da yi musu magani ba, har bayan da aka samu fenisilin. Tsofaffin da ake neman su shiga bincike yau sun ji wannan labari tun suna samari da 'yan mata. Ba abin mamaki ba ne da aka ce a manyan gwaje-gwajen aducanumab, maganin cutar mantuwa wanda aka amince da shi a 2021, baƙaƙen fata ba su kai kashi 1 cikin ɗari na mahalarta ba. Dattijuwar da za ta rufe wa baƙo ƙofa tana iya buɗe wa yarinyar da take gani a cocinsu kowace Lahadi, ta kuma gaya mata abin da ba za ta gaya wa farfesa ba.

To me ya sa sai a matakin digirin farko? Saboda a nan ne hanya take rabuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma matashi mai shekara goma sha tara ba ya mafarkin nazarin tsufa. Idan yana da ƙoƙari a kimiyya kuma shi ne na farko da ya shiga jami'a a gidansu, abin da iyaye suka sani shi ne likitanci, ba su ma san ana cin abinci da bincike ba. Ga kuma matsalar aljihu, wadda masu suka ba sa son taɓawa. Ɗan mai hali zai iya ƙarar da dogon hutu yana aikin sa-kai a ɗakin gwaji, ya fito da takardar shaida daga babban malami. Ɗan talaka kuwa a kanti ko gidan abinci zai yi hutunsa, don ya haɗa kuɗin zango mai zuwa. Ranar neman gurbin digiri na uku sai a ce na farko ya fi gogewa. Alawus ɗin da irin wannan tsari yake biya shi ne yake cike wannan giɓi, kuma a ganina ya fi duk laccocin da ake haɗawa da shi muhimmanci.

Ba na cewa horon ya wadatar. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2011 ya nuna cewa masana baƙaƙen fata suna bayan fararen fata da maki goma cikin ɗari wajen samun babban tallafin bincike na hukumar lafiya ta ƙasa, ko da an daidaita karatu da yawan wallafa. Wato ana iya raino ɗalibi shekara goma, ya zo bakin ƙofa ta ƙarshe ya tarar da ita a sakaye.

Yanzu ma iskar ta juya. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a 2025 kuma gwamnatin Trump ta soke tallafi masu yawa da suka shafi faɗaɗa wakilci a kimiyya. Wannan ya zo daidai lokacin da ake hasashen cewa zuwa 2030 mutum ɗaya cikin biyar a Amurka zai kasance ya kai shekara 65. Shawarata ga jami'o'in da suka fara wannan aiki ita ce kada su bari ya mutu saboda an hana duba launin fata. Su zaɓi ɗalibai bisa talaucin gida, da unguwar da suka fito, da kasancewarsu na farko a jami'a, su nemi kuɗin alawus daga gidauniyoyi da tsofaffin ɗalibai, su kuma ci gaba da tura yaran nan gidajen dattawa da littafin tambayoyi da ƙwalin ashana a jaka.