Sarƙar uwargida da gwangwanin Goggo

Duk sanda zancen gwal ya taso a majalisa, sai ka ji maza na dariya, wai mata da son ƙyale-ƙyale. Ni ma na yi wannan dariyar. A 2019 uwargida ta kwashi adashinta ta ce in raka ta kasuwa za ta sayi sarƙa. Tun daga gida nake mita: ba ki kai banki ba, ba ki sayi tumaki ba, sai ki rataye kuɗi a wuya? Ta ce, "Malam, kai dai bar ni." Nawa kuɗin kuwa na bar su a asusu, ina ganin ni ne mai lissafi.

To ga lissafin. A lokacin dala tana wajen naira 360, oza ɗaya na zinari, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, yana kusan dala 1,400. Giram ɗin tsantsar gwal dubu 16 ke nan da 'yan kai. A Yunin 2023 gwamnati ta sakar wa naira mara, zuwa Fabrairun 2024 dala ta kai 1,500. Shi kuma gwal ya ƙi zama wuri ɗaya, ya haye dala 3,000 a Maris ɗin 2025, ya haye 4,000 a Oktoba, giram ya wuce dubu 180. Kuɗina suna nan a banki, ko kwabo bai yi ciwon kai ba, amma abin da da zai cika min mota da kayan abinci yanzu a leda nake riƙo shi. Ita kuwa har yau idan na yi maganar tattali, wuyanta kawai take shafawa.

Sai dai kada wannan ya sa kowa ya ruga kasuwa ido rufe. Ranar saye daɗi gare ta, ranar sayarwa ce ake sanin abin da aka saya. Na raka ƙanwata ta sayar da 'yan kunne da zobe lokacin da kuɗin asibiti ya taso. Mai shagon ya goga zoben a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan 18 ne, ba 21 ba." Karat yake nufi, wato ma'aunin tsantsar gwal. Ya sa ɗan tsinke ya ciccire duwatsun nan masu walƙiya ya tura mata gefe, sannan ya ɗora a sikeli. Duwatsun da aka auna mata a farashin gwal ranar saye, yau ba su da ko sisi. Kuɗin ƙira ma ya tafi, babu mai mayar da shi. Don haka in dai ajiya ake so, a nemi mai nauyi marar tarkacen ado, 21 ko 22, ko ma sulalla da 'yan sandunan 24, a karɓi rasit mai ɗauke da giram da karat. Na biki daban, na ajiya daban.

Kuma gwal ma yana faɗuwa, ba saukakke ba ne. Wanda ya saya a Janairun 1980 kan dala 850 ya ga ya koma ƙasa da 300 a 1999. Na 2011 ya saya wajen 1,900, ƙarshen 2015 yana kallon 1,050. Ba ya haihuwa kamar tunkiya, ba ya kawo kuɗin haya. Ga ɓarayi, ga 'yar aikin da ta san lokar da yake. Ga kuma zakka, da yawancinmu muke kawar da kai: idan na ajiya ne ya kai nisabi, misƙali 20, kusan giram 85, ya shekara, ɗaya cikin arba'in ba naka ba ne. Cinikinsa kuma hannu da hannu ne, wannan "kawo rabi, ƙarshen wata ka cika" a tambayi malamai tukuna.

Masu tara tsofaffin sulalla kuma, ina son sha'awarku, amma kada a kira ta jari. Da Goggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta, an sami wani gwangwani a ƙasan adakarta cike da anini, kwabo mai huji, taro, sisi da sule, duk na kafin zuwan naira a 1973. Yara suka fara lissafin filaye. Na kwashe su na kai wa wani tsohon maƙerin farfaru, ya baje a tabarma yana juya su da yatsa, ya ce yawancinsu tagulla ce da gaurayen ƙarfe, kuma an buga su da yawan da kusan kowace tsohuwa tana da irinsu. Guda ɗaya tak ya ware: wata babba mai kan Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780 a jikinta, irin wadda fatake suka riƙa ciniki da ita a Barno da ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Ita wannan azurfa ce, wajen giram 23 a cikinta. Ya cilla ta sama da babban yatsa, ta yi wani ƙara siriri, ya ce in sayar masa ya narka ya yi zobba.

Na ce a'a, Baba. Tana nan cikin lokar uwargida, kusa da sarƙar.