Kyan kwalba ba shaidar inganci ba ne

Na daɗe ina mamakin yadda mutum zai tsaya ya yi wa likita tambaya sau uku kafin ya haɗiye maganin da aka rubuta masa, amma da zarar an miƙo masa kwalbar bitamin ko garin ganyen da aka ce yana ƙara kuzari, sai ya karɓa hannu bibbiyu. Hujjar da ake kafawa ita ce wai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne kawai. Ni kuwa a ganina wannan hujjar ce ya kamata ta sa mu ƙara taka tsantsan, domin magani yakan bi ta hannun masu bincike kafin ya shiga kasuwa, su kuwa waɗannan ƙwayoyi a ƙasashe da yawa ba sa bi ta wannan ƙofa.

A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikinsu, dokar da aka kafa a 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya nemi amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin ya fara sayarwa ba. Kamfanin ne ke shaidar kansa, hukuma kuma sai an samu ɓarna take shigowa. Ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da ganyen ephedra sun yi shekaru ana sayar da su, mutane suna kamuwa da bugun zuciya da shanyewar jiki, kafin a haramta su a 2004. Saboda haka sunan babbar ƙasa a jikin kwalba bai isa ya kwantar wa kowa da hankali ba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ko abin da aka rubuta a waje shi ne a ciki. A 2017 masu bincike a Kanada sun auna kayayyaki 31 na melatonin, wanda ake sha don samun barci, suka tarar wani ya gaza adadin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wani kuma ya zarce da kashi 478. Wannan sakaci ne, akwai kuma wanda ya fi shi muni, wato ha'inci. Tsakanin 2007 da 2016 hukumar FDA ta gano kayayyaki 776 da aka cusa wa magungunan asibiti a ɓoye, yawancinsu na ƙarfin maza da rage ƙiba da gina tsoka. A na maza sildenafil ake zubawa, wanda idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yakan sa jini ya faɗi warwas. A na ƙiba kuma sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda illarsa ga zuciya. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana yabon wani garin ganye cewa yana aiki cikin awa guda, ba burge ni yake yi ba, zargi yake jefa mini.

Akwai cibiyoyi masu zaman kansu, kamar USP da NSF, da ke gwada kaya su ba da hatimi, kuma kwalbar da ke ɗauke da shi ta fi wadda ba ta da shi. Sai dai buga hatimi a takarda ba wuya, don haka a duba sunan kayan a jerin da cibiyar ta wallafa. Kwalbar da ta jera sinadarai goma a ƙarƙashin sunan haɗi na musamman, ba tare da faɗin nauyin kowanne ba, ni dai ajiye ta nake yi.

Amma hatimin nan iyakarsa ya tabbatar da abin da ke ciki, bai ce zai amfane ka ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. An taɓa kyautata zaton cewa beta-karotin, wani sinadari da ke cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa, zai kare masu shan taba daga sankarar huhu, tunda masu yawan cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa ba. Da aka gwada shi a kan maza masu shan taba kusan 29,000 a Finland, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Ƙwayar ba jabu ba ce, zaton ne ya zama kuskure.

Ba ina cewa dukkansu banza ba ne. Folik asid, mikrogiram 400 a kullum kafin ɗaukar ciki da farkonsa, yana rage haɗarin haihuwar jariri da nakasar laka da ƙwaƙwalwa, kuma wannan tabbatacce ne. Mai ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe yana bukatarsa, haka wanda ba ya cin nama da ƙwai da madara yana bukatar bitamin B12. A kowane ɗayan waɗannan akwai giɓi sananne da ake cikewa, ba wai ana sha ne don kawai a ji ƙarfi ba. Bitamin A da D kuwa taruwa suke yi a jiki, yawansu guba ne.

Wanda ke shan maganin asibiti, ina roƙonsa ya ɗauki kwalbar ya nuna wa likitansa ko mai harhaɗa magunguna. Ganyen St John's wort yana rage ƙarfin ƙwayoyin tsarin iyali da wasu magungunan cutar ƙanjamau, biyotin kuma, wanda ake sha don gashi da farce, yana iya gurɓata sakamakon gwajin jinin da ake gano bugun zuciya da shi, abin da ya sa FDA ta yi gargaɗi a kansa a 2017.