Ɗanyen hoto ba shi ne fim ba

Wallahi abin nan ya ishe ni. Kwana biyu muka yi a duwatsun Shere, sanyin Jos na ratsa ƙashi, furodusa ya kafe sai an ɗauki fim ɗin a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. To, muka ɗauka. Katin giga 256 bai kai awa ɗaya ba ya cika, na tsuguna gefen mota ina kwashe shi a kwamfuta, yatsuna sun sandare.

Da dare furodusan ya leƙa allon ya ce, "Malam, ina kalar? Ya koɗe kamar tsohuwar atamfa."

Na ce Alhaji, haka ɗanyen hoto yake. Kyamara ta adana duk abin da ta gani ne, hasken sama da inuwar dutse, sai an zauna a DaVinci Resolve, manhajar gyaran bidiyo, a fito da kalar. Wannan aikin kwanaki ne, kuma mai yin sa kuɗi yake karɓa. Ko kwabo ba a ware masa ba, rumbun ajiya na biyu ma ni na saya.

Yau da safe kuma ya kira wai in tura masa duka ta WhatsApp ya nuna wa abokansa a Terminus da ke cikin garin Jos.